Motar da ta buge barewa a Amurka, ta zo jinya garejinmu

Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, kakar masu gyaran jikin mota a jihohin Amurka irin su Fensilbeniya da Mishigan da Bajiniya ta Yamma takan yanke saƙa. Lokacin ne barewarsu ke barbara, sai ka ga namiji ya biyo mace a guje sun ratsa babban titi babu waiwaye, musamman da magariba da goshin asuba, daidai sa'ar da jama'a ke komawa gida ko fita aiki. Wani rahoto da hukumar kula da manyan hanyoyin ƙasar ta miƙa wa majalisar dokokinsu a shekarar 2008 ya ƙiyasta cewa ana yin karo tsakanin mota da manyan dabbobi sau miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu a kowace shekara, mafi yawansu barewa, asarar da ake tafkawa ta haura dala biliyan 8, sa'annan mutum kimanin 200 ke rasa rayukansu.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan Bakano ko Basakkwace da barewar Amurka, alhali mu namu haɗarin da shanu da jakuna yake. To, ruwanmu a nan shi ne, ba ƙaramin kaso na motocin da muke kira tokumbo ba ne suka taɓa yin haɗari a can kafin a loda su a jirgin ruwa, kuma wadda ta buge barewa tana cikinsu. Ke nan barewar ta mutu a Mishigan, amma jinyar motar a Legas ko Kaduna ko Kano za a yi ta, kuma iyalinmu ne za su shiga cikinta. Saboda haka yadda ake gyara irin wannan mota magana ce da ta shafe mu kai tsaye.

Bari mu fara da abin da ke samun motar. Barewar Amurka mai farar wutsiya ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, domin babba takan kai kilo 50 zuwa 100, wata ma ta wuce haka. Da yake ƙafafunta dogaye ne, bamba kan share ƙafafun, gangar jikin ta faɗo kan bonet, wani lokaci ta zarce ta fasa gilashin gaba. Abin da kan lalace shi ne bamba da fitilu da bonet da lagireto da fankarsa da kwandensar na'urar sanyaya mota, da kuma ƙarfen da ke riƙe da su. Idan gudun ya yi yawa, jakar iskar da ke cikin sitiyari da ta gaban fasinja sukan fashe.

Daga nan sai lissafin kamfanin inshora ya shigo. A ɗauka, alal misali, motar ta shekara goma sha biyu, kuma darajarta a kasuwa dala 4,000 ce. A ƙasar da ladan awa guda na mai gyara ke kai dala gommai, a wasu wuraren ma ya haura ɗari, sabon bonet da fitilu da fenti da jakar iska biyu sun isa su cinye wannan kuɗi kafin a taɓa inji. A jihohi da dama dokar ita ce, idan kuɗin gyara ya kai kashi 75 cikin ɗari na darajar mota, sai a rubuta ta a matsayin wadda ta tashi daga aiki. Kamfanin ya biya mai ita, ya karɓi motar, a sauya mata takarda zuwa ta motar da ta yi haɗari, a kai ta filin gwanjo irin na Copart ko IAA. A can ake ɗaukar hotunanta ta kowace fuska a ɗora a intanet, dillali yana zaune a Legas ko Kano ya yi tayi ta hannun wakilinsa. Sai jirgi ya sauke ta a tashar Tin Can ta Legas, ko kuma a Kwatano, wadda ta daɗe tana ciyar da kasuwar motocinmu tun kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon shekarar 2017.

A ganina babu aibi ko kaɗan a gyara irin wannan mota, hasali ma hikima ce. Abin da ya sa Ba'amurke ya yar da ita tsadar hannun ma'aikaci ne, injinta kuwa lafiyarsa ƙalau, watakila yana da sauran tafiyar kilomita dubu ɗari ko fiye. Mu kuma Allah Ya hore mana hannu. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda mai ƙwanƙwasa jikin mota ke tayar da lotsattsen ƙarfe da guduma da wuta har ya koma kamar bai taɓa buguwa ba, ya san akwai gwanaye a ƙasar nan. Su ne suka riƙe mana Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna tun shekarun 1970, ta yi ta jigila tsakanin garuruwa shekaru masu yawa bayan Turawa sun manta da ita. Kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas kuwa, da wuya ka nemi wani sashe na mota ka rasa. Bugu da ƙari, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a wata na gaba, sabuwar mota ta fi ƙarfin mafi yawan ma'aikata, har da likitoci da malaman jami'a. Tsohuwar zuma da ita ake magani.

Zan ƙara da cewa a cikin motocin gwanjo, wadda ta buge barewa tana cikin masu dama-dama. Raunin nata a fili yake, kuma sau da yawa bai kai ga ƙashin motar ba. Ba za a haɗa ta da wadda ambaliya ta shanye ba, irin dubban motocin da guguwar Katrina ta 2005 da ta Harvey ta 2017 suka nutsar, waɗanda jikinsu ke sheƙi amma tsatsa na cin wayoyinsu da kwamfutarsu a ɓoye.

Sai dai kuma gyara suna ya tara. Akwai wanda ke mayar da mota lafiyayya, akwai kuma wanda ke mayar da ita kyakkyawa kawai domin ta shiga kasuwa, kuma na biyun ne ya fi yawa a wajen motar da aka gyara don sayarwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun jakar iska. Tun daga ƙirar 1998 doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka jakar iska biyu a gaba. Wannan jaka sau ɗaya take aiki, kuma tana buɗewa ne cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba. Idan ta fashe sai dai a sa wata, tare da duba na'urar da ke ba ta umarni. Amma da yake tana da tsada, abin da wasu ke yi shi ne su yanke fasasshiyar, su rufe wurin da sabon murfi, sa'annan mai gyaran waya ya sa wani ɗan ƙaramin abu da zai yaudari kwamfutar motar, ko ya kashe fitilar gargaɗin baki ɗaya. Mai saye ya ga tambari a kan sitiyari ya ɗauka akwai kariya, alhali babu komai a ciki.

Haka abin yake ga bel ɗin kujera. A motocin zamani akwai wata na'ura da ke fizge bel ɗin ta ɗaure mutum a jikin kujera a daidai lokacin karo, ita ma sau ɗaya take aiki. Sai ƙashin gaban motar, wato ƙarafa biyun da ke ɗauke da inji, waɗanda aka ƙera su domin su lanƙwashe su shanye ƙarfin bugu kafin ya iso ga mutanen da ke ciki. Ƙarfen da ya taɓa lanƙwashewa, aka gasa shi da wuta, aka ja shi da sarƙa a jikin bishiya, aka lulluɓe shi da foti da fenti, ba zai sake yin wannan aiki yadda aka tsara ba. Alamarsa ita ce motar ta riƙa ja gefe ɗaya, taya na cinyewa ta ɓangare guda, komai yawan saitin da aka yi mata.

Na sha jin masu cewa ai mun shekara da shekaru muna tuƙa 504 da Beetle babu jakar iska, kuma ga mu da ranmu. Amsata ita ce, waɗanda ba su tsira ba ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Na biyu, direban 504 ya san abin da yake tuƙawa, bai biya kuɗin kariyar da babu ita ba. Wanda aka sayar wa mota da sitiyari fanko kuwa an karɓi kuɗinsa an ɓoye masa aibi, kuma ɓoye aibin haja ha'inci ne a addini da al'ada da dokar kasuwa. Wasu kuma kan ce idan aka yi gyaran gaskiya motar za ta yi tsada. Haka ne, za ta yi. Amma a gaya wa mai saye, a bar shi ya zaɓa da kansa, ko ya ƙara kuɗi a sa masa jakar, ko ya saya da rangwame yana sane.

Mu tuna cewa karo na biyu a kan hanyoyinmu zai faru, kuma namu dabbobin sun fi barewa nauyi. Sa ko saniya takan kai kilo 300 ko fiye, raƙumi kuma ya fi haka, ga shi da dogayen ƙafafu, idan aka share su sai ya faɗo kan rufin mota. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Katsina ko Sakkwato zuwa Illela da daddare ya san yadda garke ko jaki ke ɓullowa cikin duhu, a titin da babu shinge babu fitila. Ga kuma batun inshora. Yawancinmu ta dole kawai muke yanka, wadda hukumar NAICOM ta ƙara kuɗinta daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairun 2023, kuma ita wannan ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Motarka ba ta ciki. Wanda ya buge saniya, daga aljihunsa zai gyara motarsa, watakila ma ya shiga rigima da mai saniyar, shi ya sa kowa ke neman mafi araha. Araha kuwa ba ta ado.

Ga wanda tsautsayi ya faɗa wa tsohuwar motarsa, shawarata ita ce ya bi gyaran daki-daki, ya bar kwalliya sai ƙarshe. Idan lagireto ya fashe kada ya ce zai lallaɓa ya ƙarasa gida, domin tafiyar 'yan mintoci babu ruwa ta isa ta ƙona gasket ko ta lanƙwasa kan inji, ƙaramin aiki ya zama babba. A fara da hanyar ruwa, a auna ƙashin gaba da ƙafafun mota da sitiyari, a duba makullin bonet domin kada iska ta ɗaga shi ya rufe wa direba ido ana cikin gudu, a mayar da bel da jakar iska, a saita fitilu. Idan kuɗi ya ƙare a nan, a yi ta yawo da bonet mai launi daban har Allah Ya hore. Abin takaici, da yawanmu fenti muke fara biya, saboda shi maƙwabta ke gani.

Ga mai sayen tokumbo kuwa, akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi sosai. Kowace mota da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1981 tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Da wannan lamba ana iya sayen tarihin motar daga kamfanoni irin su Carfax, kuma sau da yawa idan aka rubuta ta a intanet hotunan motar na filin gwanjo kan fito, ka ga yadda take ranar da ta yi haɗari. Idan aka murɗa makulli, fitilar jakar iska ya kamata ta kama, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana. A kuma tafi da bakanike na amana wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya jona na'urar bincike, ya leƙa ƙarƙashi ya nemi sabon walda.

Amma bai kamata a bar wa mai saye nauyin shi kaɗai ba. A jihohin Amurka da yawa, motar da aka rubuta ta yi haɗari ba ta komawa titi sai an duba gyaran an ba ta sabuwar takarda, kuma wannan tabo yana bin takardar tata. Da zarar ta tsallako teku sai tabon ya ɓace, ta zama amarya. Tun shekarar 2022 hukumar kwastan ke amfani da lambar shasi wajen ƙayyade kuɗin fito, ke nan bayanin yana hannun gwamnati. Me zai hana a rubuta a takardar shigowa cewa motar ta taɓa haɗari, sa'annan jami'an duba lafiyar motoci na jihohi da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, su sa jakar iska da bel cikin abin da ake dubawa kafin a ba ta lamba? Ƙungiyoyin makanikai da na dillalan motoci su ma suna da ƙarfin da za su hana 'ya'yansu wannan aiki, kamar yadda suke hukunta wanda ya saci kayan mai mota. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ba ni da ja a kan a ci gaba da kawo waɗannan motoci ana gyara su a nan, domin suna ciyar da dubban magidanta, suna kuma sa mota a hannun wanda ba zai iya sayen sabuwa ba. Abin da nake roƙo shi ne dillali ya faɗi abin da ya samu motar, mai gyara ya mayar da abin da ya fashe ko ya ce bai mayar ba, hukuma kuma ta duba kafin ta buga hatimi. Allah Ya kiyaye mana hanya.