Wasiƙa a buɗe zuwa ga masu kaɗa jita: kafin ku sayi amfilifaya mai bawul



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata tambaya ce da matasanmu ke yawan yi. Yaro ya ji sautin Jimi Hendrix ko AC/DC ko Metallica, abin ya kama shi, ya tara 'yan kuɗinsa, sai ya ce wace amfilifaya mai bawul zai saya? Amsar da yake jira ya riga ya riƙe ta a ransa: Marshall mai wat 100. Ni kuwa da tambaya nake fara ba shi amsa. A ina za ka riƙa kunna ta, kuma iya ina za ka murɗa ƙararta kafin maƙwabta su bugo maka ƙofa? Amsar nan ita ke zaɓa maka amfilifaya.

Ga dalili. Cikin wannan na'ura aiki hawa biyu ne. Akwai ƙananan bawul, ƙwayayen gilashin nan da ake kira 12AX7, a Ingila kuma ECC83, su ke karɓar ɗan siririn sautin da ke fitowa daga jita su ƙara masa ƙarfi. Sai manyan, irin su EL34 da 6L6 da EL84, waɗanda ke tura shi ta taransifoma zuwa sifika. Gurnanin da muke so, wannan kaushi mai daɗin ji, yana samuwa ne idan aka ɗora wa bawul abin da ya fi ƙarfinsa. To, ana iya matsa wa ƙananan, ana iya matsa wa manyan, kuma sautin biyun ba ɗaya ba ne. A nan tsohon rok ya rabu da kiɗa mai nauyi na baya-bayan nan.

A 1962 Jim Marshall, wani malamin ganga mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta Landan, shi da abokan aikinsa Ken Bran da Dudley Craven, suka kwaikwayi tsarin Fender Bassman ta Amurka suka fito da JTM45. Makaɗa suka yi ta neman ƙarin ƙara, musamman Pete Townshend na The Who, domin a lokacin ba a da manyan lasifikokin dandali irin na yau. Amfilifayarka ita za ta cika zaure ta kuma yi gogayya da mai ganga. Daga nan aka kai ga mai wat 100, samfurin da lambarsa 1959, wanda ake wa laƙabi da Plexi. Abin lura a nan shi ne Plexi ba ta da mamurɗin masta, wato wanda ke rage ƙarar ƙarshe. Ba ta gurnani sai ka buɗe mata wuta sosai, manyan bawul sun jigata, taransifoma ta cika, sifika na numfashi da ƙyar. Wanda ya taɓa tsayawa gaban akwati mai sifika huɗu a wannan hali ya san abin da nake nufi: ƙafar wando na kaɗawa, ƙirji na amsawa, tsirkiya ɗaya ka taɓa amma sautin ya ƙi mutuwa.

Daɗin wannan tsari shi ne yana bin hannu. Ka taɓa a hankali, sauti ya fito garau. Ka daka, ya yi ruri. Ka ɗan rage mamurɗin da ke jikin jitarka, ya koma tas ba ka taka komai ba. Ina roƙonku ku sake sauraron jitar Malcolm Young a faifan Back in Black na 1980, da kunnen basira. Za ku ga kaushin bai kai yadda kuka zata ba, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Ƙarfin daga hannu yake da kuma iskar da sifika ke turawa. Yawancin matasa suna cika gen, wato matsin da ake yi wa ƙananan bawul, fiye da kima don neman wannan sauti, shi ya sa suke ƙara nisa da shi.

Yanzu mu yi lissafin wat, domin nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai ka ninka wat ɗin kusan sau goma. Ke nan tsakanin mai wat 50 da mai wat 100 tazarar kaɗan ce, kuma mai wat 15 idan an buɗe ta ta isa ta hana gida duka barci. Wanda ya sayi Plexi mai wat 100 ya ajiye a ɗaki, ya murɗa ta zuwa 1, ya sayi rijiya ne bai sayi guga ba. Sautin da ya biya kuɗi dominsa yana can ciki, ba zai taɓa kai wa gare shi ba. In tsohon rok kake so, nemi ƙarama. Kamfanin Orange ya gane haka ya fito da Tiny Terror mai wat 15 a 2006, Marshall ma ta fito da jerin Studio masu wat 20 a 2019, waɗanda ake iya sauke su zuwa wat 5. A dandali kuwa makirufo ake sa wa gaban sifika, don haka ƙanƙantar ba ta rage ka da komai ba.

Mai son nauyi lamarinsa daban ne. A 1975 Marshall ta sa masta a samfurin 2203 da 2204, waɗanda daga 1981 suka shiga jerin JCM800. Daga nan ana iya matsa wa ƙananan bawul su yi kaushi, a bar ƙarar ƙarshe a ƙasa. A Kalifoniya kuma Randall Smith na Mesa/Boogie ya jera matakan gen, wannan na zuba wa wancan, har aka kai ga Mark IIC+ da Metallica suka yi faifan Master of Puppets na 1986 da ita. A 1992 Peavey ta fito da 5150 tare da Eddie Van Halen, mai wat 120, ƙananan bawul biyar da 6L6 huɗu, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa 6505. A irin waɗannan ba a son manyan bawul su jigata. Ana so su tsaya daram, domin idan ka danne tsirkiya da gefen tafi kana saran sauri, kowane sara ya fito a yanke, ƙasan sauti kada ya yi caɓi. Shi ya sa yawan wat yake da amfani a nan, kuma shi ya sa mai irin wannan kiɗa zai iya sayen babba ya kaɗa ta a hankali bai yi asara mai yawa ba.

To wanda ke son duka biyun fa? Shi ne mafi yawanku, kuma ga hukuncina. Ya nemi mai tsarin Marshall, mai EL34 biyu da masta, wat 20 zuwa 50, irin 2204 ko DSL40, ya haɗa da fedal guda na ƙarin turi. Wannan dabara tsohuwa ce. Tony Iommi na Black Sabbath da amfilifayar Laney ta garinsu Birmingham ya yi aiki, da ɗan akwatin Rangemaster a gabanta. Masu kiɗa mai nauyi na yau kuma Tube Screamer na Ibanez suke sa wa, su rage gen ɗinsa har ƙasa su ɗaga ƙararsa, sai ya aske kaurin da ya yi yawa kafin ya shiga amfilifaya, sauti ya ɗaure. Daga amfilifaya mai matsakaicin gen ana hawa zuwa nauyi cikin sauƙi. Saukowa daga mai tsananin gen zuwa sautin da ke bin hannu ya fi wuya, don an gina ta ne ta matse komai. Vox AC30 kuwa, duk da Brian May na Queen ya yi abin mamaki da ita, ba ita zan nuna wa mai neman sara mai nauyi ba.

Kada ku raina sifika. Sau da yawa mutum na zargin amfilifaya alhali laifin akwati ne. Celestion Greenback mai wat 25 tana da taushi, tana saurin karyewa, ita ce muryar tsohon rok. Vintage 30, wadda ta fito a 1986, tsakiyar sautinta na da kaifi, tana ratsa ganga da bes, shi ya sa ta mamaye kiɗa mai nauyi. Akwati mai rufaffen baya yana ɗaure ƙasan sauti, mai buɗaɗɗen baya yana baza shi cikin ɗaki. Ku kuma tuna da ɗauka: kan amfilifaya mai wat 100 ya kai kilo 20, akwati mai sifika huɗu ya haura kilo 35. Mai sifika biyu ya ishi kusan kowa.

Saura maganar da ta shafe mu kai tsaye, ko kana Kano ko Jos, ko Yamai, ko Agadas inda jitar lantarki ta zama kiɗan biki ta kuma fitar da irin su Bombino. Waɗannan na'urori an ƙera su ne don ƙasashen da wutarsu ba ta rawa. Wadda aka yi don kasuwar Amurka bolt 120 take ci, mu kuwa tamu 220 zuwa 230 ce, ka soka ta kai tsaye ka ƙona ta nan take. Duba bayanta kafin ka biya. Wutar janareta mai hawa da sauka tana gajarta ran bawul, saboda haka kuɗin sitabilaiza mai kyau yana cikin kuɗin amfilifaya. Zafi da ƙurar hunturu ma abokan gaba ne. A bar mata sarari a baya ta sha iska, a rufe ta idan ta huce, kada a jijjiga ta tana da zafi. Su kansu bawul ɗin masana'antu kaɗan ne suka rage masu yin su, a Sulobakiya da Rasha da Sin, don haka ka ajiye na canji tun kafin buƙata ta taso.

Abu biyu kuma ba wasa a cikinsu. Kada ka taɓa kunna amfilifaya mai bawul ba a jona mata sifika ba, kuma ka daidaita om ɗinta da na akwati, 8 da 8, 16 da 16, in ba haka ba taransifomar fita ce za ta tafi, ita ce kuwa mafi tsada a ciki. Na biyu, kada ka sa hannu cikinta. Akwai kafasito masu riƙe bolt 400 zuwa 500 ko bayan an zare ta daga wuta, suna iya kisa. Sauya manyan bawul a yawancin samfura yana buƙatar saita bayas, aikin gwani ne. Tsofaffin masu gyaran rediyo da suka yi zamani da bawul sun fi fahimtar wannan aiki, in akwai ɗaya a garinku ku neme shi tun yanzu, ku girmama shi. Wanda garinsu babu mai gyara ko kaɗan, gaskiya gara ya tsaya kan mai taransisto ko ta kwamfuta, babu abin kunya a ciki.

In ta hannu za ka saya, je da jitarka da wayarka, kada ka yarda da ta mai shago. Bar ta ta yi zafi na kamar rabin awa, domin wasu matsalolin sai ta ɗumama suke fitowa. Leƙa baya: ɗan jan haske a tsakiyar bawul daidai ne, amma idan farantin ƙarfen da ke ciki ya yi ja kamar garwashi, kashe ta. Farin hazo a saman gilashi alama ce iska ta shiga, bawul ya mutu. Ɗan ƙwanƙwasa ƙananan da fensir, wanda ya yi ƙara ta sifika ya kusa gajiya. Sannan ka gwada ta a daidai ƙarar da za ka riƙa amfani da ita, ka rage mamurɗin jitarka ka ji ko sautin zai washe.

Don Allah, kafin ka miƙa kuɗinka, je da ɗan'uwa mai kunne ya tsaya can nesa ya saurara kana kaɗawa, kuma kada ka saya sai ka ji ta tare da mai ganga.