Leƙen Waje: Samurai X, jarumin da ya tuba

Yau filin naku ya leƙa Japan, inda fim ɗin zane na Samurai X, wato Rurouni Kenshin, ya fara fita a talabijin a 1996.

Jarumin, Himura Kenshin, ɗan siriri ne mai jan gashi, da tabo kamar harafin X a kuncin hagu. A yaƙin da ya kifar da mulkin Tokugawa a 1868 ya kashe mutane ba adadi. Daga baya ya rantse ba zai ƙara ɗaukar rai ba, ya koma yawo da takobin da kaifinsa ke ta baya.

Ga Kaoru mai makarantar koyon takobi a Tokyo, ga Sanosuke sarkin naushi da cin bashi, ga yaro Yahiko mai taurin kai. Shi kuwa bos, Shishio, gwamnati ce ta ci moriyarsa ta banka masa wuta, ya tashi naɗe da bandeji yana neman fansa.

Kowa ya san Kenshin zai iya gamawa da mugu da sara ɗaya. Abin da ke hana ɗan kallo tashi shi ne: anya yau rantsuwar nan ba za ta karye ba?

Sai wata mai zuwa.