Fitilar Tankin Murjani Abinci Ce Kafin Ta Zama Ado

Yawancinmu mun san murjani ne a matsayin jan dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya. Wancan nau'in, da ake tsamowa daga tekun Bahar Rum, yana rayuwa a wurare masu duhu, bai damu da rana ba. Murjanin da masu kiwon kifin ruwan gishiri ke sawa a tankin gilashi daban yake. Dabba ce mai rai da ke ɗauke da ƙwayoyin gansakuka a cikin namanta. Gansakukar tana sarrafa haske ta samar da sukari, murjanin kuma ya ci. Saboda haka fitilar da ke saman tankin ita ce gonarsa.

A ganina, a nan masu saye suka fi yin kuskure: sukan zaɓi fitila da ido, ko da yawan wat ɗin da aka rubuta a kwali. Wat lantarkin da fitila ke sha yake nunawa, ba hasken da ke isa ga murjani ba. Ma'aunin da ya dace shi ne PAR, wanda ke ƙirga hasken da tsiro zai iya amfani da shi, tsakanin nanomita 400 zuwa 700. Masu kiwo galibi suna ba murjani mai laushi abin da bai wuce 150 ba, masu tauri da ƙananan baki irin Acropora kuwa daga 200 zuwa 350. Kenan sai ka yanke shawarar abin da za ka kiwata, ka auna zurfin tankinka, sannan ka je kasuwa.

Launi ma da dalilinsa. Ruwan teku yana shanye jan haske cikin 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa ƙasa, kuma da shi gansakukar ta saba. Shi ya sa tankunan murjani suke shuɗi shar, ba don gayu ba.

Abin da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba shi ne, yawan haske ya fi ƙarancinsa saurin kisa. Idan haske ya yi wa gansakukar yawa, musamman ruwa na da zafi, murjanin yakan fitar da ita daga jikinsa, ya koma fari fat, yunwa ta fara cinsa. Zafin ruwa haɗe da tsananin rana ne ya farar da murjani mai yawa a Great Barrier Reef ta Ostireliya a 2016 da 2017. Fitilar LED mai ƙarfi da aka kunna gaba ɗaya a ranar farko tana iya yin irin wannan ɓarna a falo.

Duk da haka LED nake goyon baya, da sharaɗin ta kasance mai ragewa da ƙarawa. Tsofaffin fitilun metal halide suna rainon murjani sosai, amma suna dumama ruwan da ake so ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27. Ga mai tanki a Kano cikin watan Afrilu, wanda ke dogaro da sola da batir, wannan kaɗai ya isa hujja. A fara da kusan rabin ƙarfin fitilar, awa 8 zuwa 10 a rana, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, ana lura da launin murjanin.