Ruɓewar haƙoran yara a ƙasar rake: Hannu nawa ke miƙa zaƙi?

Da zarar sanyi ya kankama, hanyoyin da suka fito daga Maƙarfi da Kudan da Ikara kan cika da motoci maƙare da damman rake, wasu su nufi Kano, wasu Zariya da Kaduna, wasu su gangara Kudu. A bakin gonaki kuma masu dafa mazarƙwaila na ta hura wuta. Wannan yanki na arewacin Jihar Kaduna ya daɗe da yin suna wajen noman rake, shi ya sa idan aka ga ɗan shekara uku haƙoransa na gaba sun yi baƙi sun guntule, ba a shan wahalar neman mai laifi. Sai a ce ai shan rake ne.

An yi gaggawar yanke wannan hukunci. Rake yana da sukari, babu musu, kuma masu binciken da suka duba haƙoran masu shan sa a Gabashi da Kudancin Afirka sun sha bamban kan girman ɓarnarsa. Amma rake ɗan kaka ne, yana zuwa ya wuce. Taunarsa na kawo yawu mai yawa, kuma yaron da bai wuce shekara biyu ba bai ma iya ɓare shi ba. Abin da yaron ke samu kullum, rani da damina, shi ne shayi mai sukari, biskit, minti, cingam da lemon roba. Wani abin mamaki kuma, mafi yawan sukarin da ke cikin waɗannan kaya bai taɓa bi ta gonar Maƙarfi ba. Najeriya na shigo da akasarin ɗanyen sukarinta ne daga ƙetare, musamman Brazil, ta tace shi a nan gida.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A rahoton da ta fitar a watan Nuwamban 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 514 ne a duniya ke fama da ruɓewar haƙoran nono. Ruɓewar kuwa ba aikin tsutsa ba ne, kamar yadda ake yawan faɗa. Ƙwayoyin cuta ne da ke maƙale a jikin haƙori suke cin sukarin da ya shiga baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke zaizaye farin ɓawon haƙori. Bayan kowane shan zaƙi, yawu na bukatar kusan rabin awa, wani lokaci fiye da haka, kafin ya wanke tsamin ya fara gyara wurin. Yaron da ya sha zaƙi sau ɗaya tare da abinci, bakinsa na samun hutu. Wanda ake miƙa wa kaɗan-kaɗan sau takwas a wuni, haƙoransa na jiƙe cikin tsami daga safe har dare. Ga shi kuma ɓawon haƙorin nono bai kai na babba kauri ba.

An tabbatar da wannan ne ta hanya mai muni. Daga 1945 zuwa 1953, a asibitin Vipeholm da ke ƙasar Suwidin, an riƙa ɗura wa masu taɓin ƙwaƙwalwa alewa mai danƙo ba da yardarsu ba, domin a ga abin da zai faru. Waɗanda aka bai wa tsakanin abinci da abinci su ne haƙoransu suka fi lalacewa. A yau babu hukumar da za ta amince da irin wannan gwaji, amma daga nan ne mutanen Suwidin suka ɗauki al'adar ware ranar Asabar ta zama ranar bai wa yara alewa.

To, idan yawan lokutan shan zaƙi shi ne jigon lamarin, sai a duba su wane ne ke miƙa shi. A nan ne tsarin gidan Bahaushe ke shigowa.

A babban gida na gandu, irin waɗanda suka yawaita a garuruwan manoma kamar Hunƙuyi da ƙauyukan Ikara, yaro ba na uwarsa kaɗai ba ne. Da safe ya kurɓi shayin mahaifinsa. Da hantsi kaka ta kwance bakin zane ta ba shi kuɗin alewa. Gwaggo ta zo da alkaki ko nakiya daga gidan biki. Yayarsa da ke tallan tuwon madara ko gullisuwa ta gutsura masa don ya yi shiru. Da magariba maigida ya dawo daga kasuwa da tsaraba, domin a idon mutane uban da yaransa suka tarbe shi hannu rabbana bai kyauta ba. Kowane ɗayansu abu kaɗan ya bayar, kuma da ƙauna ya bayar. Babu wanda ke ƙirga jimillar.

Uwa, wadda ita ce ake yi wa wa'azin lafiya a asibiti ranar awo ko rigakafi, sau da yawa ita ce mafi ƙarancin iko a wannan jeri. Matar da ke zaune da surukarta ba za ta fizge alewa daga hannun jikan Hajiya ba. Idan ɗan fari ne ma, kunya na iya hana ta nuna damuwa da shi a gaban mutane.

Lokacin yaye ya fi kowane lokaci haɗari. A gidaje da dama ana kai yaro wajen kaka idan za a cire shi daga nono, yana da shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, daidai lokacin da turamen nono ke fitowa. Yaro na kuka, kaka na lallashi, kuma lallashin da ya fi saurin aiki shi ne kunu mai sukari ko shayi cikin dare. Da dare kuwa yawu na raguwa sosai, don haka zaƙin kan kwana a kan haƙori. Hausawa sun daɗe suna zolayar goyon kaka da sangarta, sai dai ba a cika haɗa zancen da haƙori ba. A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa na Zariya da Kaduna, fida mai madara da sukari da ake barin yaro ya yi barci da ita tana yin irin wannan ɓarna, sannan ga lemon kwali da biskit a jakar makarantar rainon yara, ga kuɗin tara. Wadata ba ta kare yaro daga wannan ciwo, tana dai sauya kayan zaƙin ne.

Talauci kuma na da tasa hanyar. Yaron da bai samu isasshen abinci mai gina jiki ba tun yana ciki, ɓawon haƙoransa kan fito da rauni, ruɓewa ta same shi cikin sauƙi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Sannan su kansu ƙwayoyin cutar ana gadon su ne daga bakin manya, ta cokali ɗaya, ko ta tauna wa jariri abinci kafin a sa masa a baki. Uwar da ke da kogon haƙori da ba a yi wa magani ba ta fi saurin miƙa wa ɗanta su.

Babban abin da ke sa a yi sakaci shi ne zancen da kowa ya haddace: ai zai yi famfara. Gaskiya ne haƙoran nono guda 20 duk za su faɗi, amma ba lokaci guda ba. Na gaba kan fara zuba wajen shekara shida, turame kuwa sai yaro ya kai goma zuwa sha biyu. Turmin da ya ruɓe a shekara uku, ke nan, yana iya shafe shekara bakwai yana hana yaro barci da tauna. Idan ya yi ruwa, ciwon na iya taɓa haƙorin dindindin da ke ƙarƙashinsa. Idan aka cire shi da wuri, na kusa su matso su toshe gurbin, na baya ya fito a karkace. Akwai kuma turmin dindindin na farko da ke fitowa a can ƙurya wajen shekara shida ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye da yawa su ɗauka na nono ne su bar shi ya lalace.

Damuwar iyaye ta fi karkata ga lokacin fitar haƙori, inda ake jingina masa zawo da zazzaɓi, a garzaya kemis. Ba a manta da abin da ya faru a 2008 ba, lokacin da gurɓataccen maganin haƙori na My Pikin ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello na cikin wuraren da aka fara gano lamarin. Ko maganin ruwa mai inganci ma, yawancinsa da sukari ake haɗa shi, kuma ana ba yaro ne daf da barci ba tare da kurkure baki ba.

A ɓangaren gwamnati, matakin da aka fi jin amonsa shi ne harajin Naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta kawo. Tun daga lokacin ake ta ja-in-ja. Ƙungiyar CAPPA ta nemi a ɗaga shi zuwa Naira 130, masu masana'antu na cewa hakan zai kashe kasuwa da ayyukan yi. Hauhawar farashi ta riga ta cinye Naira 10 ɗin, har mai saye ba ya jin ta. Amma ko an ɗaga harajin, hannunsa ba zai kai ga minti da cingam da ake sayarwa ɗai-ɗai a tebur ba, ballantana zoɓo da kunun aya na ƙullin leda, ko cokali uku na sukari a kofin shayi. Muhawarar ta Abuja da Legas ce, kuma rabin bakin yaron Kudan kawai ta taɓo.

Abin da zai fi kusa da shi yana cibiyar lafiya ta mazaɓa. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255, kuma manufarta ita ce kowace ta samu cibiyar lafiya a matakin farko mai aiki. Likitocin haƙori sun taru a manyan birane, mutumin Ikara da ciwo ya tsananta wa ɗansa sai ya yi tunanin kuɗin mota zuwa Zariya. Amma ɗaga leɓen yaro a duba ko akwai farin tabo a gindin haƙori, wanda shi ne alamar farko kuma ana iya dakatar da shi, ba ya bukatar likita. Ma'aikacin lafiyar al'umma zai iya yi a ranar rigakafi, kuma a Maƙarfi ɗin ne makarantar Shehu Idris ta koyon aikin lafiya ta daɗe tana yaye irin waɗannan ma'aikata. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man goge baki mai sinadarin fuloraid cikin jerin muhimman magunguna, tare da wani ruwan magani mai sinadarin azurfa da ake ɗiga wa kogon haƙori ya tsaya da ruɓewa ba tare da inji ba, sai dai yana mayar da wurin baƙi.

Shawarar masana a kan goge baki ba ta da wuya: a fara tun fitowar haƙorin farko, sau biyu a rana, musamman kafin barci, da man da bai wuce ƙwayar shinkafa ba ga ɗan ƙasa da shekara uku, kuma babba ne zai goge masa har ya kai kimanin shekara bakwai. Asuwaki sunna ce mai tsabtace bakin babba, amma ɗan shekara uku tauna shi kawai yake yi ya yar.

Sai dai saƙon yana tsayawa ne a kan bencin mata masu jego, alhali kuɗin buroshi da na tsaraba daga aljihun maigida suke fita, izinin hana alewa kuma yana ɗakin kaka. Jami'an lafiya sun san wannan darasi tun zamanin yaƙi da shan inna, lokacin da sai da aka bi ta fadar sarakuna da masallatai da majalisun maza kafin ƙofofin gidaje su buɗe wa masu ɗigon rigakafi. Zancen haƙoran yara bai bi wannan hanyar ba tukuna. Ana tuna shi ne a ranar 20 ga Maris, Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, galibi a makarantun cikin birni, inda ake raba buroshi ga ɗaliban firamare da tuni suka fara famfara.