Wanda Ya Ji Rauni A Wurin Aiki, Kada Ya Karɓi Kora A Matsayin Diyya

Jama'a, wani abu ya zama ruwan dare a tsakanin 'ya'yanmu masu aiki a gidajen burodi, kamfanonin ruwan leda da wuraren gine-gine daga Kpakungu zuwa Chanchaga. Inji ya datse wa yaro yatsu, ya nemi kuɗin magani, kafin raunin ya warke sai a ce masa aiki ya ragu, ya zauna a gida. Idan ya kawo ƙara gun manya, amsarmu ɗaya ce: "Ka yi haƙuri, mu baƙi ne a nan." Wannan amsa ba ta da tushe a doka. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ba ta neman takardar shaidar ɗan asalin jiha. Sashe na 42 na Tsarin Mulki ma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa.

Abin da ke cin mutanenmu shi ne lokaci. Doka ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da ubangidansa hatsarin, shi kuma ubangida ya kai rahoto ga hukumar NSITF cikin kwana 7. Neman diyyar kansa ana so a shigar da shi cikin shekara ɗaya. Mu kuwa sai mu ɓata wata uku muna aika dattawa su roƙi mai kamfani. Ba na raina sulhu, amma sulhun baki ba ya tsayar da lissafin kwanaki. A rubuta sanarwar, a riƙe kwafi, a adana takardar asibiti, sannan dattawa su je.

Kuɗin diyyar ma ba alfarma ba ne. Kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ubangida ke zubawa a asusun, kuma an hana shi cire shi daga albashin ma'aikaci. Duk takardar da aka sa yaro ya sa hannu cewa ya yafe haƙƙinsa, dokar ta ce banza ce.

Batun kora shi ne mai wuya. Da can ubangida yana iya sallamar mutum ba tare da faɗin dalili ba, muddin ya ba da wa'adi. Amma tun bayan gyaran Tsarin Mulki na 2010 shari'ar ƙwadago ta koma hannun Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta Ƙasa, kuma a 2015, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, kotun ta ce kora babu dalili ta saɓa wa ƙa'idar aiki ta duniya. Kotun tana da reshe a nan Minna.

Shawarata ga shugabanninmu ita ce a ware mutum biyu masu ilimi da za a kira ranar da hatsari ya auku, su rubuta sanarwar, su raka mai rauni ofishin ƙwadago kafin a miƙa masa takardar sallama.