Mai Ƙarancin Maki da Ƙofar Wata Jami'a

A ƙarshen kowace shekarar karatu, akwai ɗalibai a unguwanni irin su Banifandou da ke riƙe da takardar makin da ba su son kowa ya gani. Wasu sun fara karatu a jami'o'in Maradi, Damagaram ko Tahoua, wahalar zama nesa da iyaye ta rinjaye su, suna neman komowa Yamai su shiga Jami'ar Abdou Moumouni da ke ƙetaren kogi. Wasu kuma sai da suka yi shekara a fannin shari'a ko tattalin arziki suka gane cewa zuciyarsu tana ga nazarin harshe. Dukkansu abu ɗaya suke tsoro: a dubi jimillar makinsu, a ga ba ta kai 10 bisa 20 ba, a rufe takardunsu ba tare da an karanta sauran ba.

Hukunci irin wannan ya saɓa wa tsarin LMD da jami'o'in Nijar ke bi. A tsarin, kowane zango yana da kiredi 30, shekara 60, digirin lisans kuma 180. Darasin da ɗalibi ya ci ya zama nasa, yana iya tafiya da shi inda ya koma. An shimfiɗa tsarin ne domin a sauƙaƙa wa ɗalibi sauya makaranta ko fanni, kada ya sake gini daga tushe. Sashen da ya tsaya ga jimilla kaɗai ya karɓi sunan tsarin, ya bar amfaninsa.

Jimilla kuwa tana ɓoye abubuwa da yawa. Ɗalibai biyu suna iya samun 8 bisa 20, alhali ɗaya ya yi rauni a kowane darasi, ɗayan kuma ya samu 14 a darussan rubutu da nazari, lissafi ne ya ja shi ƙasa. Idan na biyun yana neman shiga sashen nazarin harsuna, faɗuwarsa a lissafi ba ta nuna ko zai iya rarrabe dogon wasali da gajere, ko ya gane karin sautin da ya raba kalma da ƴar'uwarta. Masu nazarin harshe sun san wani dalilin kuma: ɗalibin da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci yakan fahimci darasi sarai, ya kāsa zuba amsar cikin Faransancin da mai gyaran takarda yake so. Makinsa ya auna harshen jarabawa tare da iliminsa, ba a ware su ba.

Masu tsaurarawa suna da hujja mai ƙarfi. Ɗakunan karatu sun cika, malamai ba su wadata ba, kuma ba adalci ba ne a bai wa wanda ya yi wasa gurbin wanda ya yi ƙoƙari. Amma wannan hujja tana kira ne ga tantancewa mai kyau. Kwamitin sashe yana iya duba takardar darasi bayan darasi, ya kira mai nema ya zanta da shi, ya ba shi gajeren gwaji a fannin da yake so. Wanda ya nuna alama a karɓe shi bisa sharaɗin zango ɗaya, in ya gaza a sallame shi. Wanda aka ƙi kuma a rubuta masa dalili, ya san abin da zai gyara.

Shi ma ɗalibi yana da nasa nauyin. Ya kawo takardun kowane zango cikakku, ya bayyana dalilin rauninsa a wasiƙar nema ba tare da ƙari ba, ya yarda ya maimaita shekara idan darussan ba su yi daidai ba. Ɓoye zangon da aka faɗi ko taɓa maki laifi ne da ke iya raba mutum da karatu baki ɗaya.

Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ƙasar kuma za ta buƙaci masu fassara, masu tsara ƙamus da malaman da suka san nahawu. Daga cikin masu iya wannan aiki akwai waɗanda shekarar farko ta kayar a fannin da ba nasu ba. Ya dace sassan harsuna su karanta takardunsu har ƙarshe kafin su yanke hukunci.