Ɓarawon Jarka A Kama, Ɓarawon Bututu A Yi Masa Jinjina

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Sabon Birni ko ta Isa ya san hukuncin mai awon da aka kama yana danne gindin mudu. Kafin ya ɗaga kai an taru a kansa, sarkin kasuwa ya ƙwace mudun, kunya ta bi shi har gida. Wannan a kan gero tiya ɗaya ke nan. To amma 'yan uwa su sani, ƙasar da ke taƙama da cewa ita ce uwa ma ba da mama a Afirka ta fara fitar da ɗanyen mai tun 1958, ta kuma kwashe shekara sittin da ɗoriya ba ta da mudun kirki na auna abin da ake zuƙa daga rijiyoyinta.

Ga yadda abin yake. Ɗanyen mai yana fitowa daga rijiya a cakuɗe da ruwa da iskar gas. Sai a kai shi tashar farko a rarrabe su, daga nan injuna su tunkuɗa shi cikin bututu zuwa bakin teku, irin su Bonny, Forcados da Escravos, inda jiragen ruwa ke lodi. Hankali ya ce a sa mita a bakin rijiya, a sa a tashar farko, a sa a ƙarshen bututu, domin in ganga dubu ta shiga, ɗari takwas ta fita, a san inda ɗari biyu ta maƙale. Amma awon da aka dogara da shi na bakin teku ne, sauran kuwa sai abin da kamfanonin haƙar suka rubuto. Wato manomi ne ya ɗora wa jaki buhunan da bai ƙirga ba, ya bar shi ya ratsa daji shi kaɗai, sannan ya je kasuwa yana lissafi. Wannan ba sakaci ba ne. Ƙofa ce aka bari a buɗe da gangan.

Ba ƙage ba ne. Hukumar NEITI, wadda ta gwamnati ce, ita ta ce tsakanin 2009 da 2020 an yi asarar ganga miliyan 619.7, kuɗinta ya haura dala biliyan 46. A 2022 shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya faɗa da bakinsa cewa an gano wani bututun sata mai tsawon kilomita huɗu da ke kai mai cikin teku, wanda ya shekara tara yana aiki. Shekara tara! Ina sojan ruwa? Ina 'yan sandan ciki da ke bin sawun matasa in sun taru karatu? Sai a 2024 aka ji majalisar zartarwa ta amince da kwangilar dala miliyan 21 don sa mita a tashoshi 187. A kwatanta miliyan 21 da biliyan 46, a ga abin da aka ƙi kashewa da abin da aka bari ya zurare.

Yanzu a dawo ƙasar Gobir. A 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wai don kada a tsallaka da shi Nijar. A 2021 gwamnatin Sakkwato ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya, wai don a karya 'yan bindiga. 'Yan bindiga ba su karye ba. A Disambar shekarar ne suka ƙone matafiya cikin mota a yankin nan. Wanda ya karye shi ne ɗan acaɓa, da mai injin niƙa, da mai noman rani a fadama da injin ban ruwansa ya tsaya. Lita goma a hannun talaka an iya ƙirga ta, an iya ƙwace ta a shinge. Ganga miliyan ɗari shida kuwa, ido ya makance.

Da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin kwanaki, aka ce talaka ya yi haƙuri, baitulmali ya bushe. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, mai ƙarfin ganga 110,000 a rana, wadda aka ja wa bututu tun daga Escravos, aka kuma ja wani daga gare ta zuwa defon Gusau, ta kwashe shekaru a kwance. Alhali Nijar ɗin da ake wa kallon raini ta ja bututu daga Agadem zuwa matatar Damagaram tun 2011.

Allah Ya saukar da sura sukutum a kan masu tauye awo, Ya kuma halaka mutanen Annabi Shu'aibu (AS) a kan wannan laifi. A ƙasar Gobir ɗin nan Shehu Usmanu ya tsaya gaban sarakuna a kan cin dukiyar talakawa. Malaman fada da ke hawa mumbari suna tsine wa yaro mai bumburutu, yaushe za su karanta Suratul Muɗaffifina a gaban masu riƙe da bututu?